Tambayoyi da amsoshi kan kofolima mai gaɓoɓi: yadda zafi ke raba gaɓoɓinsa da yadda yake cakuɗa su

Wannan shafi na ɗaliban kimiyyar sinadarai da na injiniya ne, da ma'aikatan masana'antun roba, da duk wanda ya taɓa mamakin yadda tafin takalmi ke lanƙwasuwa yana dawowa alhali a narke aka zuba shi cikin mazubi. Duk alƙaluman zafi da ke ƙasa a ma'aunin Salshiyas suke.

Mene ne kofolima mai gaɓoɓi, kuma me ya raba shi da sauran robobi?

Kowace roba doguwar sarƙa ce ta ƙananan ƙwayoyin sinadari da ake kira monoma, ɗaruruwa ko dubbai a jere. Idan monomar iri ɗaya ce daga farkon sarƙa har ƙarshenta, polima ke nan, irin su polistirin da ake yin kofunan shan shayi na yarwa da shi. Idan iri biyu ne, kofolima ke nan. Daga nan sai a tambayi yadda aka jera su.

Ana iya barbaɗa su barkatai, wannan nan wancan can. Haka danƙon SBR na tayar mota yake: sitirin da butadayin a cakuɗe cikin sarƙa ɗaya. Ana kuma iya jera sitirin zalla har tsawon ɗari da wani abu, a ɗora butadayin zalla dubu a kai, a sake rufewa da sitirin. Kowane dogon jeri gaɓa ce. Mai gaɓa biyu ana rubuta shi AB, mai uku ABA. Wanda muka kwatanta shi ne SBS. Kayan haɗin SBR da SBS ɗaya ne, amma halinsu a gaban zafi ko kusa bai yi kama ba.

Hanyar gina irin wannan sarƙa da tsafta ta samu ne a 1956, lokacin da Michael Szwarc a Amurka ya nuna cewa ana iya ƙera sarƙar da bakinta ba ya mutuwa: in monoma ta ƙare sai ta tsaya tana jira, a zuba wata iri ta ci gaba da girma. A shekarun 1960 kamfanin Shell ya fitar da SBS kasuwa da sunan Kraton.

Me ya sa gaɓoɓin ba sa son zama tare? Ai duk roba ce.

Yawancin polimomi biyu ba sa cakuɗuwa, ko da sun yi kama a ido. Dalilin yana cikin tsawonsu.

Abu biyu ke ja-in-ja a duk lokacin da aka haɗa ruwa biyu. Na farko ƙyamar da ke tsakanin ƙwayoyin: kowace ta fi jin daɗin maƙwabtaka da 'yar'uwarta. Na biyu kuwa entirofi ne, wato yawan hanyoyin da ƙwayoyin za su iya warwatsuwa. Shi kullum cakuɗa yake so, kuma zafi na ƙara masa ƙarfi. A ƙananan ƙwayoyi entirofi kan yi nasara cikin sauƙi, tunda kowace ƙwaya gashin kanta take ci. Amma in aka ɗaure monoma dubu a sarƙa guda, ba dubu ke yawo ba, abu ɗaya ne. Ribar da cakuɗa ke kawowa ta ragu ninki dubu, ƙyamar kuwa tana nan a kowace monoma. Ƙyamar da ba ta taka kara ta karya ba sai ta isa ta raba su.

Paul Flory da Maurice Huggins ne, kowa da aikinsa daban, suka sa wannan cikin lissafi a farkon shekarun 1940. Ƙyamar suna auna ta da harafin Girka χ, tsawon sarƙa kuma N. Abin da ke yanke hukunci shi ne χ sau N. A cakuɗar polimomi biyu masu tsawo ɗaya da ba a ɗaure su ba, da zarar χN ya wuce 2 rabuwa na iya farawa.

To me ya hana su rabuwa gaba ɗaya, wannan sama wancan ƙasa?

Ɗaurin da ke tsakaninsu. A ɗauka an zuba awaki dubu da tumaki dubu a garke ɗaya, amma kowace akuya an ɗaure ta da tunkiya guda da gajeriyar igiya. Awaki za su nemi awaki, tumaki su nemi tumaki, sai dai babu akuyar da za ta yi nisa da tunkiyarta fiye da tsawon igiyar. Ba za a taɓa samun awaki gabas tumaki yamma ba. Abin da za a gani shi ne layin awaki, layin tumaki, layin awaki, igiyoyin duk a kan iyaka.

Haka gaɓoɓin suke yi. Suna rabuwa, amma rabuwar ba ta wuce girman sarƙa ɗaya: yankuna masu faɗin nanomita 10 zuwa 100 galibi. Nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Wannan ita ce ƙaramar rabuwa. Babbar rabuwa ita ce wadda ido ke gani, irin ta mai da ruwa. A kiyaye bambancin, don a masana'anta ana yawan rikita su, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya.

Akwai alamar da ko ba na'ura ana iya gani. Hasken da ido ke gani tsawon zangonsa nanomita 400 zuwa 700 ne, yankunan sun fi shi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, saboda haka haske na ratsa su bai san da su ba. Shi ya sa robobi irin su K-Resin da Styrolux suke garau duk da cewa a rabe suke ciki, alhali polistirin ɗin da aka cusa wa ɗigon danƙo masu girman maikuromita fari fat yake fitowa.

Waɗanne siffofi yankunan ke ɗauka?

Ya danganta da rabon girman gaɓoɓin. In gaɓa ɗaya ƙarama ce sosai, kamar ƙasa da kashi 20 cikin ɗari na jimillar, takan dunƙule ta zama ƙwallaye a cikin babbar. In ta kai wajen kashi 20 zuwa 30 da ɗoriya, ƙwallayen sai su zama dogayen sanduna, kowane sanda shida na kewaye da shi. In sun yi kusan kunnen doki, sai su kwanta shimfiɗa kan shimfiɗa. Iyakokin suna ɗan gocewa daga wannan kofolima zuwa wancan.

Tsakanin sanduna da shimfiɗu akwai wata 'yar siririyar taga da ake samun jairoyid: ƙaramar gaɓa na yin saƙa biyu masu rassa da suka sarƙe cikin juna ba tare da sun taɓa juna ba. Alan Schoen ya bayyana wannan siffa a lissafi a 1970 yana aiki da hukumar NASA, sai a 1994 aka tabbatar da ita a kofolima masu gaɓoɓi. An daɗe ana ganin labarin ƙwallaye ya ƙare, sai ga shi a 2010 rukunin Frank Bates na Jami'ar Minnesota ya gano wani jerin ƙwallaye mai sarƙaƙiya da ake kira sigma, wanda a da a gaurayen ƙarafa aka san shi.

Tazarar da ke tsakanin shimfiɗu na ƙaruwa da tsawon sarƙa, amma ba kai da kai ba. In rabuwar ta yi ƙarfi, ninka N sau biyu na ƙara tazarar wajen ninki 1.6 ne kawai.

Ina aka samo lambar 10.5 da kowane littafi ke kawowa?

Daga aikin Ludwik Leibler na 1980. Ya lissafa cewa kofolima mai gaɓa biyu masu girma ɗaya zai fara tsaruwa ne in χN ya kai 10.5. A gwada da 2 na cakuɗar da ba ɗauri, za a ga yadda ɗaurin ke wahalar da rabuwa. Dole sarƙa ta miƙe fiye da yadda take so, mahaɗar gaɓoɓin kuma ta maƙale a kan iyaka, duk wannan kuwa asarar entirofi ce da sai ƙyama mai yawa za ta biya.

Ga misali da alƙalami. χ na polistirin da PMMA, wata roba mai tauri garau kamar gilashi, wajen 0.04 yake. A raba 10.5 da 0.04, N zai fito kusan 260, wato nauyin sarƙa kusan giram 27,000 a kowane mol. Ƙasa da haka a cakuɗe za a same su.

Sai dai ana ba wannan lamba girman da ya wuce nata. Lissafin Leibler na sarƙa ce mai tsawo marar iyaka, gaɓoɓi daidai wa daida, duk sarƙoƙi tsawo ɗaya. A 1987 Glenn Fredrickson da Eugene Helfand suka nuna cewa a sarƙoƙi na gaske, masu iyaka, kai-kawon da zafi ke haddasawa na tura lambar sama, kuma gajeruwar sarƙa ta fi jin abin. In gaɓoɓin ba daidai suke ba, ta ƙara hawa. Sannan shi kansa χ ɗin, ƙimarsa na canzawa gwargwadon yadda aka auna shi da girman monomar da aka ɗauka a matsayin ma'auni. Wanda ya ɗauko χ daga wannan takarda, ya ɗauko N da ma'aunin waccan, ya ninka, ya yi aikin banza. Lambar tana da amfani wajen hasashen farko, hukunci kuwa sai an auna.

Me zafi ke yi wa tsarin?

A yawancin kofolima χ na raguwa in zafi ya hau. Ana rubuta shi kamar A a raba da T, a tara da B, inda T shi ne zafi, A da B kuma lambobi ne tsayayyu, ba gaɓoɓin AB ba. N ba ya canzawa. Saboda haka ana ɗumamawa χN na sauka, iyakokin yankuna na ƙara dusashewa, har a kai matakin da tsarin zai rushe gaɓoɓin su cakuɗe. Wannan mataki shi ake kira ODT. In aka huce, tsarin ya dawo.

Kafin a kai can, wani lokaci siffar kan sauya: sanduna su tsinke su zama ƙwallaye, ko shimfiɗu su koma jairoyid, ba tare da an taɓa sinadarin ba.

Abu biyu ke ba sababbin masu bincike mamaki. Na ɗaya, sama da ODT ba a samun cakuɗa sumul nan take. Ƙananan tarukan A da na B suna nan suna haɗuwa suna watsewa, jerin ne kawai ya ɓace. Na biyu, hawa da sauka ba daidai suke ba. Rushewa na zuwa da sauri, amma dawowar tsari sai an jira ƙananan tsibiran tsari sun ɓullo sun yaɗu, abin da kan ɗauki mintuna ko sa'o'i in ana dab da ODT. Don haka a lokacin ɗumamawa ake auna ODT, a hankali.

Ba kowane kofolima ke da ODT da za a iya kaiwa ba. In sarƙa doguwa ce ko ƙyamar ta yi yawa, robar za ta ƙone tun kafin tsarin ya rushe.

Shin ODT da Tg abu ɗaya ne?

A'a, kuma rikita su ne tushen yawancin kurakurai a wannan fanni. Tg shi ne matakin zafin da polima ke fita daga sandarewa ta fara laushi: ƙasa da shi sarƙoƙi a ƙage suke, sama da shi suna iya motsi. Batun motsi ne. ODT kuwa batun wa ke zaune kusa da wa ne.

Kofolimar da ya rabu Tg biyu gare shi, kowane yanki da nasa. A SBS, yankin polibutadayin na sandarewa ne a wajen digiri 90 ƙasa da sifili, na polistirin kuwa kusa da digiri 100. Tsakanin waɗannan biyun, ɓangare ɗaya danƙo ne mai laushi, ɗayan tauri ƙiƙam. In aka wuce 100 duka biyun sun yi laushi, amma har yanzu a rabe suke, ruwa biyu masu kauri kowa a yankinsa, har sai an kai ODT in akwai shi.

Da a ce sun cakuɗe, Tg ɗaya za a gani a tsakiya. Ƙa'idar Fox na ba da kiyasi: kashi 30 na sitirin da kashi 70 na butadayin zai faɗa wajen digiri 57 ƙasa da sifili. Kusan nan ne kuwa SBR na tayoyi yake, shi ya sa ba ya riƙe siffa sai an gasa shi da farar wuta.

Ga mai masana'anta, Tg na gaɓa mai tauri ya fi ODT muhimmanci nesa ba kusa ba, don shi ke faɗin zafin da kaya za su fara saki.

Me ya sa ake yin SBS da gaɓa uku? Biyu ba su isa ba?

Ba su isa ba. A SBS, kan sarƙa na maƙale a cikin wani dunƙulen polistirin mai tauri, jelarta a cikin wani, tsakiyarta mai laushi ta zama gada. Dubban gadoji sun haɗa dunƙulen duka zuwa raga ɗaya. A ja ta miƙe ninki bakwai ko takwas, a saki ta dawo. A mai gaɓa biyu, gefe ɗaya ne kawai a kafe, ɗayan yana lilo. Rabuwa ta faru, siffar ma iri ɗaya, amma in aka ja sai ya tsinke ba ƙarfi.

Ribar a nan take: danƙon da aka gasa da farar wuta ɗaurinsa na dindindin ne, ba ya sake narkewa. Na SBS kuwa in aka ɗumama sama da Tg na polistirin ƙullin ya saki, a zuba a mazubi, ya huce ya sake ƙullewa. Ragowar da aka yanke ma a niƙa a mayar cikin inji.

Masu haɗa gam sun san amfanin mai gaɓa biyun. Da gangan ake barin wani kaso nasa a cikin SIS, ɗan'uwan SBS mai isofirin a tsakiya, don jelar da ke lilo na ƙara danƙo da kama fata ko takarda. Irin wannan gam ne a salatif da lambobin mannawa da kunzugun yara na zamani.

Zaren sifandes da Joseph Shivers ya ƙirƙiro a kamfanin DuPont a 1958, da kumfar Pebax ta takalman tsere, duk dabara ɗaya ce, sai dai gaɓoɓinsu gajeru ne masu yawa, tauri da laushi bi da bi.

Na sa samfur a na'urar DSC, Tg ɗaya kawai na gani. Ke nan a cakuɗe yake?

Kada a yi saurin yanke hukunci. DSC na auna zafin da samfur ke sha ne yayin da ake ɗumama shi: a yanki miligiram 5 zuwa 10, a rufe a ɗan kaskon alminiyam, a hau da digiri 10 a minti. Tg na fitowa kamar ɗan tudu a layin. A SBS mai kashi 30 na sitirin, tudun polibutadayin a fili yake, na polistirin kuwa ƙarami ne kuma a baje, sau da yawa sai an zura ido, wani lokaci ma ba a ganinsa sam.

A fara duba inda Tg ɗin da aka gani yake. In yana wajen 90 ƙasa da sifili, daidai inda na polibutadayin zalla yake, to a rabe suke. Da sun cakuɗe da ya matso sama sosai. Sannan a tabbatar na'urar ta sauka ƙasa yadda ya kamata, don wanda ya fara daga digiri 40 ƙasa da sifili ya bar rabin labarin a baya. A yi hawa, a sauka, a sake hawa: hawan farko tarihin samfurin yake nunawa, na biyu ne halinsa. In har yanzu da shakka, a koma na'urar DMA mai lanƙwasa samfur tana ɗumama shi, ta fi DSC jin Tg ƙwarai.

Akasin haka ma na faruwa. In Tg na gaɓoɓin biyu suna kusa, kamar polistirin da PMMA, sai su haɗe su zama tudu ɗaya mai faɗi alhali rabuwar na nan daram.

To da me ake gano ODT da siffar yankuna?

DSC ba ta cika amfani a nan ba, zafin da ake sha a ODT kaɗan ne ainun. Hanya mafi sauƙi ita ce riyomita: a sa narkakken samfur tsakanin faranti biyu, a riƙa murɗa shi kaɗan-kaɗan a hankali, ana ƙara zafi sannu. Muddin tsari na nan, samfurin na turjewa. Ana kaiwa ODT turjiyar ta faɗi warwas cikin 'yan digiri kaɗan.

Siffa kuwa sai hasken eksire da ake karanta warwatsuwarsa a ƙaramar kusurwa, wato SAXS. Jerin ƙololuwan da ke fitowa ne ke tona asiri: 1, 2, 3 shimfiɗu ne, 1, √3, 2, √7 sanduna, 1, √2, √3 ƙwallaye, √6 da √8 jairoyid. Sama da ODT sirirorin ƙololuwan na ɓacewa, a bar guda ɗaya mai faɗi. Wannan gudan bai nuna akwai tsari ba, ɗaurin gaɓoɓin ne kawai ke haifar da shi.

Mai son gani da ido sai maikuroskof na lantarki. A yanka samfur siriri ƙwarai a cikin sanyi, a turara shi da osmiyam tetiroksaid, wanda ke kama polibutadayin ya baƙanta shi ya bar polistirin fari. A yi hattara, guba ne mai illa ga ido da huhu. Kuma hoto ɗaya na ruɗi: sandunan da aka yanka a gicciye da'ira suke fitowa kamar ƙwallaye, waɗanda aka yanka ta tsawonsu kuma kamar shimfiɗu.

Ko akwai waɗanda zafi ke tsarawa maimakon ya rusa?

Akwai. A 1994 Thomas Russell da abokan aikinsa suka ba da rahoton kofolimar polistirin da polibutil metakirilet da ke cakuɗe a matsakaicin zafi, in aka ƙara wuta sai ya rabu. Dalilin shi ne gaɓoɓin biyu ba sa kumbura daidai da zafi, har ta kai zama tare ya fi rabuwa takura musu.

Wanda aka fi cin karo da shi a ɗakin gwaji shi ne Poloxamer 407, mai gaɓa uku: wata polima mai son ruwa da ake kira PEO a gefe biyu, wata kuma mai suna PPO a tsakiya. A ruwan sanyi duka gaɓoɓin na narkewa. In ruwa ya ɗumama, PPO ta tsakiya sai ta saki ruwan da ke jikinta, ta dunƙule da 'yan'uwanta, PEO ta kewaye su. In haɗin ya kai wajen kashi 20 cikin ɗari, dunƙulen kan cika wuri su cushe. Kwalbar da aka ciro daga firji ana karkata ta ruwa na gudu, a bar ta a hannu ɗan lokaci sai a kifa ta abin ciki bai motsa ba. Saboda haka a ruwan sanyi ake narkar da garinsa, wanda ya ɗora a wuta don ya yi sauri curi zai samu. Masu haɗa magunguna na amfani da wannan hali wajen yin abin da ake zubawa a ruwa ya kama a zafin jiki.

Idan gaɓa ɗaya na yin kiristal fa?

Nan lissafi ya ƙaru, don an sami mataki na uku: zafin narkewar kiristal. PEO, alal misali, na narkewa a wajen digiri 65. Abin tambaya shi ne wa ya riga wa yayin hucewa. In maƙwabciyar gaɓa ta riga ta sandare, kiristal dole ya girma a cikin kurkukun da ya tarar. In maƙwabciyar na da laushi kuma rabuwar ba ta da ƙarfi, kiristal ya fasa iyakokin ya shimfiɗa nasa tsarin, ƙwallaye da sandunan da aka sha wahalar jerawa su tafi.

Kurkukun na da wani tasiri da DSC ke nunawa sarai. A babban samfur, ƙurar da ba a rasawa ce ke zama irin da kiristal ke farawa a kai. In aka raba PEO zuwa ƙwallaye biliyoyi, yawancinsu ba su da ko ƙwayar ƙura, dole kowanne ya fara da kansa, wannan kuwa sai sanyi ya yi tsanani. PEO da ya saba yin kiristal a wajen digiri 40 sai a ga ya jira har ƙasa da sifili da digiri 20 ko fiye.

Me ya sa samfur ɗaya ke ba da sakamako biyu?

Tarihi. Siffofin da ke cikin littafi na samfurin da aka ba lokaci ne ya natsu. Wanda ya fito daga inji ya huce cikin daƙiƙu, ko wanda aka busar daga ruwan narkarwa, ya sandare ne a inda aka kama shi. Ruwan narkarwar da ya fi son gaɓa ɗaya kan kumbura ta, a sami sanduna inda ake sa ran shimfiɗu. Gyaran shi ne a riƙe samfurin sama da Tg mafi girma, ƙasa da ODT, ba iska, na sa'o'i ko kwanaki, ko a turara shi da tururin ruwan narkarwa.

Zafi nawa SBS ke jurewa? Yana da matsala a ƙasashe masu zafi?

Kada lambar 100 ta ruɗi kowa. Gaɓoɓin polistirin na SBS gajeru ne, iyakarsu kuma ta ɗan jiƙe da butadayin, ga man da ake ƙarawa a haɗi, duk suna saukar da Tg. In akwai nauyi a kai, kaya kan fara saki tun daga digiri 60 zuwa 70. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda iska ke wuce 40 a watan Afrilu, saman kwalta da cikin motar da aka rufe a rana na iya kaiwa wannan mataki. Salatif da ke zamewa ya bar danƙo, da tafin takalmin da ya lotse bai dawo ba, sau da yawa daga nan ne. Fetur da man inji ma na kumbura shi.

In ana son ya ƙara juriya, akan haɗa shi da wata roba mai tauri da ake kira PPE, mai Tg sama da 200, wanda ke shiga yankin polistirin ya ɗaga shi. Ko a koma wani iri mai gaɓar kiristal, kamar Hytrel.

Ita kwaltar kanta ana zuba mata SBS, galibi kashi 3 zuwa 7 cikin ɗari, don kada ta lotse ƙarƙashin tirela da rani. Man da ke cikin kwalta na kumbura polibutadayin ninki da yawa, dunƙulen polistirin su riƙe ragar. Matsalar tana tanki: in aka ajiye haɗin da zafi ba a juyawa, ɓangaren polima ya taso sama, mai nauyin ya kwanta ƙasa. Wannan babbar rabuwa ce, ba ruwanta da ODT. Ana gwada ta da cika siririn bututun alminiyam, a tsayar da shi a tanda kwana biyu ko uku, a daskarar, a yanka, a gwada zafin laushin sama da na ƙasa.

In na ƙara wuta a inji don ya fi gudu, me zai faru?

Yawancin SBS ana sarrafa shi ne tsakanin digiri 150 da 200. In aka zarce, ko aka bar shi ya daɗe a inji, iskar oksijin na kai wa gaɓar tsakiya hari. Polibutadayin sai ya ƙulla da juna: narkakken ya ƙara kauri, a ga ƙuraje a jikin kaya. Poli'isofirin kuwa tsinkewa yake, SIS ya tsinke ya yi ruwa. Ko wanne ne, ba ya gyaruwa da hucewa, saɓanin Tg da ODT da ake zuwa a dawo.

SEBS, wato SBS da aka cika gaɓar tsakiyarsa da haidirojin, ya fi jure wuta da rana. Amma ƙyamar gaɓoɓinsa ta fi ƙarfi, har masu doguwar sarƙa ba sa gudu ko an kai su bakin ƙonewa. Maganinsu mai da polifurofilin ne a cikin haɗi, ƙarin wuta ba ya yi. Irin wannan haɗin ne lallausan mariƙin buroshin goge baki.

Gaskiya ne ana amfani da su wajen ƙera kwakwalwar kwamfuta?

Ana ta bincike a kai fiye da shekara ashirin. A shafa siririn kofolimar polistirin da PMMA a kan farantin silikon da aka riga aka yi wa zanen jagora, a gasa sama da Tg, gaɓoɓin su jera kansu layi-layi, a cire PMMA, a bar polistirin ya zama abin zana. A 2007 kamfanin IBM ya sanar da amfani da irin wannan jeren kai wajen huda ƙananan ramuka tsakanin wayoyin cikin kwakwalwar.

Cikas biyu ne. Ƙaramin layi na buƙatar gajeruwar sarƙa, amma in N ya ragu χN ya faɗi ƙasa da abin da ake buƙata. Da χ na 0.04, tazarar ba ta sauka ƙasa da nanomita 20 da 'yan kai. Dole a nemi gaɓoɓi masu ƙyama sosai, su kuma suna da nawa wajen tsaruwa, sannan ɗaya kan so saman fim fiye da ɗaya, layukan su kwanta maimakon su tsaya. Na biyu shi ne kuskuren jeri: layi ɗaya da ya karkace cikin miliyoyi ya isa ya lalata na'ura, kuma share irin waɗannan na buƙatar gashi mai zafi ko mai tsawo fiye da abin da masana'anta ke son bayarwa.